Magogin Malam Gyara

Malam Gyara ɓarawo ne, kuma da fensir da magogi ya yi satarsa. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a ƙaramin ofishi kusa da ɗakin karatu, an ɗora masa aikin ba 'yan ajin ƙarshe shawarar makarantar da za su nema. Iyaye suna gaishe shi da rusunawa, shi kuwa yana cin amanar 'ya'yansu. Wanda ya fasa shago akan kama shi da kaya a hannu. Irin satar Malam Gyara kuwa, wanda aka yi wa sai ya tsufa yana zaton ƙaddara ce ta faɗa masa.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, domin duk takardar da aka miƙa masa sai ya ce, "Kawo in gyara." Ga yadda tsarin yake. Mai son karatun likita zai cika takarda guda mai layi biyar, ya jera makarantu biyar, wadda ya fi so a sama. Dokar Malam Gyara ita ce a rubuta sunayen da fensir, wai don kada takarda ta ɓaci in an yi kuskure, amma a sa hannu a ƙasa da biro. Shi zai karɓa ya duba, sannan ya miƙa wa akawun makaranta ta buga a na'ura ta aika wa hukumar da ke raba ɗalibai. Hukumar kuma daga sama take farawa. Makarantar farko da ta ce tana son yaro, can zai tafi, sauran layukan sun mutu.

Maman Auta mai ɗinki ce. Shagonta yana bayan katangar makarantar, kuma rabin kayan makarantar da yaran ke sawa daga kekenta suka fito. Karatunta bai wuce na rubuta awon kafaɗa da na ƙugu ba, amma 'yarta Auta ita ce ta ɗaya a ajin ƙarshe, da tazarar da ko malamai sun daina kwatanta ta da kowa.

Sati uku suka yi suna zaɓen makarantu biyar ɗin nan a kan teburin yanka. Auta tana karanto bayanin kowace, uwar tana tambaya da allura a baki.

"Wannan tana da asibitinta, ko na aro take kai ku?"

"Tana da nata, Inna. Gado ɗari shida. Daga shekara ta uku ake fara duba marasa lafiya."

"To, ita ce Babba. Sa ta a sama."

"Sun ce da wuya su ɗauki fiye da mutum ɗaya daga ƙaramar makaranta irin tamu."

"Ke mutum nawa ce?"

Ta biyu suka sa wadda uwar ta kira Mai Nisa, tafiyar kwana biyu ce a mota, amma malamanta ƙwararru ne. Baban Auta, mai gyaran famfo, ya so a sauko da ita ƙasa, yana cewa in yarinya ta yi ciwon kai wa zai je. Matar ta ce masa makarantar likitoci ce, in ciwon kai ya kashe ta a can to ba makaranta ba ce. Ta uku tana garin da gwaggon Auta ke aure, ga wurin kwana a sauƙaƙe. Ta huɗu ƙarama ce, gine-ginenta tsofaffi, amma tana da lasisi. Ta biyar ita ce ta tsira, wadda makin Auta ya wuce abin da take nema nesa ba kusa ba.

Akwai wata ta shida da suka yi watsi da ita tun ranar farko. Sabuwa ce, hotonta duk gilashi da furanni, kuma ba ta taɓa mayar da kowa ba. Auta ta bincika ta gano majalisar likitoci ba ta ba ta lasisi ba. Wanda ya gama can, takardarsa ba ta ba shi damar taɓa ko ɗan yatsan majinyaci.

"Na san irinta," in ji uwar. "Yadi mai walƙiya ne. Wanki ɗaya ya zama tsumma."

Auta ta rubuta biyar ɗin da fensir. Yarinya ce mai danna rubutu kamar tana jin haushin takarda, har sai da bakin fensirin ya karye sau biyu kafin ta gama. Ta sa hannu da biro, ta kai wa Malam Gyara. Ya ce, "Kawo in gyara."

Bayan wata guda takardar shaida ta zo daga hukuma. Auta ta shigo shago ba sallama, ta ajiye ta a kan keke, ta zauna a ƙasa kan ƙyallaye. A layin farko, inda ya kamata a ga Babba, sunan Sabuwa ne zaune. Sauran huɗun suna nan yadda ta rubuta, amma ba su da amfani, domin Sabuwa za ta ce tana so tun kafin a gama tambayarta. A ƙasan takardar an rubuta cewa akwai kwana goma na gyara, amma ba a karɓar gyara sai da wasiƙar shugaban makaranta, wadda ta amsa cewa kuskuren daga makaranta ya fito.

Maman Auta ta cire ƙafa daga kan keke, ta yafa mayafi, ta zagaya katanga.

Ta samu Malam Gyara yana fiƙe fensir a kan farar takarda don kada ɓawon ya zuba a tebur. Mutum ne mai tsafta, komai nasa a jere: fensira uku, magogi fari ƙato, kofin shayi da murfi. Ya saurare ta yana murmushin da ake yi wa wanda bai san komai ba.

"Maman Auta, yaran nan haka suke. A gida su faɗa muku abu ɗaya, su zo nan tsoro ya kama su, su rubuta wani."

"Malam, a gabana ta rubuta."

"To bari ki gani da idonki, tunda kin ce kina gani." Ya aika aka karɓo takardar daga wurin akawu, ya miƙa mata da yatsu biyu. "Wannan sa hannun wa?"

"Nata ne."

"Magana ta ƙare. Kuma in gaya miki gaskiya, ba ta yi wauta ba. Babba ba wurin kowa ba ce. Can 'ya'yan likitoci da na manyan ma'aikata suke zuwa. Yarinyar da ta tashi tana tsintar allura a ƙasa, in aka kai ta can sai ta rikice. Ku gode wa Allah da abin da ya samu."

Tana riƙe da takardar, babban yatsa a sama, sauran a ƙasa, yadda take riƙe yadi in tana son sanin ko an taɓa ɗinka shi. Layi huɗu na ƙasa santsi gare su. Layin farko kuwa ya yi gashi-gashi, kamar wurin da aka farke ɗinki aka goge da dutsen guga. Ta bayan takardar yatsunta suka ji tudun haruffa, dogaye, sun zarce inda sunan Sabuwa ya tsaya. Ta ɗan karkata takardar wajen taga kamar mai ciwon ido. Ramukan rubutun Auta suna nan kwance ƙarƙashin sabon rubutun. Magogi yana ɗauke baƙin fensir, amma ba ya cike ramin da fensir ya haƙa. Duk tela ya san wannan game da allura. Malam Gyara bai taɓa riƙe allura ba.

"Ɗanka ma bana yake gamawa, ko, Malam?"

"Bana ne."

"Allah ya ba shi abin da ya dace da shi."

Ya ce amin da ƙarfi. Ta mayar masa da takardar da hannu biyu, ta yi godiya, ta fita. Zuciyarta tana tafasa, amma ba ta bari ko gira ta motsa ba. Ta san ɗan nasa, ita ta ɗinka masa wando. Shi ne na huɗu a ajin. In Babba mutum ɗaya za ta ɗauka daga makarantar, to sai an kawar da na gabansa. Na biyu da na uku injiniya suke so. Auta ce kaɗai a kan hanya.

Kashegari ta je wurin shugaban makaranta, ta roƙi a kawo takardar, ta ce ya shafa bayanta. Ya shafa. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna, ya daɗe yana juya biro.

"Baiwar Allah, abin da kike so shi ne 'yarki ta koma layinta, ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To yau ɗin nan zan rubuta wasiƙa. Zan ce akawu ce ta yi kuskuren bugawa. Za a ɗan ja mata kunne a rubuce, shi ke nan. Wannan takardar kuma ki bar mini ita. A bar kaza cikin gashinta. Sunan makaranta na kowa ne, har da 'yarki."

"Malam Gyara fa?"

"Zan yi masa magana."

"Magana."

"Tsakanina da shi."

"In na ƙi fa?"

Ya buɗe hannuwa. "To ni ban ga kuskuren makaranta ba. Ga sa hannun yarinya. Kwana takwas suka rage, ki je ki yi tunani."

Kada a yi wa Maman Auta ƙarya a ce tausayin akawu ne ya hana ta karɓa. Ta tausaya mata, amma kaɗan. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne mutumin nan zai ci gaba da zama a kujerarsa yana fiƙe fensir, yana shan shayi, yana tuna ranar da ya gaya wa mai ɗinki ta gode wa Allah. So take ta ga an tuɓe shi a gaban mutanen da suke rusuna masa. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ban ga laifinta ba.

A gida aka yi ta. Baban Auta ya dawo da jakar kayan aiki, ya ji labari, ya ajiye jakar da ƙarfi.

"An ba ki wasiƙa kin ƙi? Ke da wa kike faɗa? Da makaranta?"

"Da ɓarawo."

"Ɓarawon nan zai ba 'yarki karatu ne in kin kayar da shi? Ki je ki karɓo. Allah ya isa ta ishe mu."

"Kai in famfo yana yoyo a cikin bango, fenti kake shafawa?"

"Bangon wani ne! Ni na zo gyara nawa ne!"

Auta tana bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. "Inna, don Allah. Shekara shida nake wannan karatun. In kwanakin nan suka wuce, ko in tafi Sabuwa ko in zauna gida. Ni ba na son a kori kowa. Layina kawai nake so."

Uwar ta dube ta. Maganar ta shige ta, domin gaskiya ce, kuma ta san da makomar 'yarta take caca. Amma ta riga ta cije.

"Ku ba ni zuwa kwana na tara. In ban kawo wasiƙa mai gaskiya ba, da gwiwa zan je in karɓo mai ƙaryar."

"In ya ce ya fasa fa?" in ji mijin.

Maman Auta ta tashi ta ɗauki mayafinta.

Da akawu ta fara. Ta tare ta a hanyar tashi daga aiki, ta gaya mata abin da shugaba ya shirya rubutawa a kanta. Akawun mace ce mai sanyin murya, shekara goma sha biyar tana buga takardu ba a taɓa samunta da kuskuren harafi ba. Ta tsaya cak a gefen titi.

"Ni? Ni zai ce?"

"Ke. Takardar Auta da na shekarun baya suna ina?"

"A kabad ɗina. Doka ta ce a ajiye shekara biyar."

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya."

"To daga yau a jikinki zai kwana. In sun nema ki ce kin manta a gida. In sun ce ki je ki ɗauko, ki ce ƙafa ke miki ciwo."

Sannan ta zauna ta yi tunani irin na mai ɗinkin da ta auna kafaɗar yaran unguwa tun suna ajin farko. Ta san wanda ya zo na ɗaya kowace shekara, domin uwar kan zo shago ta yi ta faɗa. Ta kuma san inda kowanne ya ƙare. 'Yar direban bas, wadda aka tura wata makaranta da ba ta taɓa ambata ba, a shekarar da ƙanin matar Malam Gyara ya samu Babba. Ɗan mai sayar da gilashin ido, a shekarar da 'yar mai gidan da Malam ke haya ta samu. Da ɗan mahauci, shekara uku da suka wuce. Kowa a lokacin ya ce ikon Allah, yaro mai ƙoƙari amma ba rabo.

Ta samu mahauci yana wasa wuƙa. Ƙato ne mai murya kamar ganga, kuma tun da ɗansa ya dawo daga Sabuwa da takardar da ba ta da amfani bai sake yi wa yaron magana mai daɗi ba.

"Maman Auta, yau nama ko tsegumi?"

"Ɗanka ya taɓa ce maka ba shi ya rubuta Sabuwa ba?"

Wuƙar ta tsaya. "Ya faɗa. Ya rantse har da kuka. Na ce maƙaryaci ne, na ga sa hannunsa da idona. Har mari na yi masa a gaban Malam Gyara."

"To ka mari mai gaskiya a gaban ɓarawo."

Ta ba shi labari tun daga farko. Mahauci ya ajiye wuƙar a hankali, ya goge hannu a riga, ya ce a nuna masa ofishin. Ta tare gabansa.

"In ka taɓa shi, kai za a ɗaure, shi a kai shi asibiti ana yi masa sannu. Kana cikin kwamitin iyaye, ko ba ka ciki? Mutum nawa ke iya kiran taron gaggawa?"

"Uku."

"Kai ɗaya. Direba biyu. Mai gilashi uku. Wuƙarka ke nan."

Shugaba ya yi ta jan ƙafa. Ya ce ɗakin taro ana fenti, ya ce wakilin ofishin ilimi ba ya gari. Sau biyu ya aika a karɓo makullin kabad, sau biyu akawu ta manta shi a gida. Kwanaki suna tafiya. Auta ta daina cin abinci sosai, ta daina yi wa uwarta magana in ban da gaisuwa. Maman Auta ta ɓata rigar mutane biyu a satin nan, abin da ba ta yi ba tun tana koyo. Sai da mahauci ya je ofishin ilimi da ƙafarsa ya zauna a bakin ƙofa tun safe har azahar, sannan aka sa taro ranar kwana na tara, ƙarfe goma.

A ɗakin karatu aka yi. Iyaye sun cika benci har wasu na tsaye. Wakilin ofishin ilimi, dattijo mai tabarau, ya zauna a tsakiya, shugaba a damansa yana share gumi. Malam Gyara ya zo cikin farar riga mai guga, ya gai da kowa da sunan ɗansa. Da aka ba shi dama ya yi magana mai tsawo a kan shekarunsa na hidima, da yadda iyaye marasa ilimi kan ɗora wa malamai laifin gazawar 'ya'yansu. Wasu har sun fara gyaɗa kai.

Akawu ta shigo da takardu huɗu, ta ajiye a gaban dattijon. Maman Auta ta tashi, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da allin tela shuɗi, mai faɗi, irin wanda take zana yadi da shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi makaranta ba, Malam ya faɗa kuma gaskiya ne. A ba ni izini in shafa wannan a layin farko. In ba a ga komai ba, in ba shi haƙuri a gaban kowa."

Dattijon ya shafa bayan takardar Auta da yatsa, ya ɗaga ta wajen haske, ya ajiye. "Shafa."

Ta kwantar da allin, ta ja shi sau ɗaya a hankali daga hagu zuwa dama. Layin ya yi shuɗi, amma allin bai shiga ramuka ba. Fararen haruffa suka fito a cikin shuɗin, manya, a tsaye, rubutun Auta. Ta ɗauki takardar ta kai har gaban Malam Gyara.

"Malam, kai ne mai ilimi. Karanta mana."

Ya dubi takardar, ya dubi shugaba. Shugaba yana kallon silin.

"Ba a ji ba, Malam," in ji mahauci daga baya. "Ko in zo in taya ka?"

Ya karanta sunan Babba da muryar da ba ta kai benci na biyu ba. Ta ce ya ƙara, akwai tsofaffi a baya. Ya ƙara.

Ta shafa ta 'yar direba. Yarinyar mai sanyin hannu ce, haruffa uku kawai suka fito, amma ukun sun isa. Ta ɗan mai gilashi ba ta nuna komai ba sai gashin takarda, dattijon ya ajiye ta gefe. Ta ɗan mahauci ta fito tas kamar an buga da na'ura. Mahauci ya zo ya tsaya a kanta. Bai iya karatu ba, amma ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya zauna ya rufe fuska da hannuwa. Ba wanda ya taɓa ganin haka a wurinsa.

Malam Gyara ya sauya hanya. Ya ce shi ya san yaran nan fiye da iyayensu. Ya san wanda zai iya Babba da wanda zai je ya faɗi ya dawo da kunya. Abin da ya yi, don kare su ya yi.

"To a kawo takardar ɗansa," in ji Maman Auta, "mu ga yadda ya kare shi."

Akawu ta riga ta zo da ita. Dattijon ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa. Babba ce a layin farko. Layi huɗu na ƙasa babu komai. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana gaya wa yara kada su kuskura su bar layin tsira, bai ga dalilin cike wa ɗansa ba, domin ya riga ya share masa hanya da hannunsa.

Nan ɗakin ya ɓarke. Sai da dattijon ya buga tebur sau uku.

Malam Gyara ya zagayo tebur. Farar rigar ta jiƙe a baya. Ya durƙusa a gaban mai ɗinki, a kan simintin da ɗalibansa ke takawa.

"Maman Auta, don girman Allah. Ni a yi mini komai. Amma in aka mayar da 'yarki, yarona ba shi da ko'ina bana. Tana da Mai Nisa, makaranta ce mai kyau, a sa mata ita a sama. Yaron bai san komai ba, wallahi bai sani ba."

Wasu mata a benci suka fara cewa a yi haƙuri, ɗa na kowa ne. Maman Auta ta dube shi daga sama. Ta jira ta ji ko tausayi zai zo, bai zo ba.

"Tawa ta san wani abu ne? Ɗan mahauci ya sani? Shekara uku ya yi yana karatun banza, ubansa ya mare shi a gabanka kana shan shayi. Ka tashi, Malam, za ka ɓata wando. Ka gode wa Allah da abin da ya samu."

Ta juya ga shugaba. "Ranka ya daɗe, saura wasiƙa. A rubuta sunan wanda ya goge, da abin da ya goge da shi."

Dattijon ya tura masa takarda da biro. Shugaba ya rubuta a gaban kowa, akawu ta buga, aka sa hatimi. Baban Auta ya bar aikin da yake yi rabi, kashegari ya shiga motar farko da safe, wasiƙar a cikin rigarsa. Ya isa ofishin hukuma saura awa biyu a rufe karɓar gyara. Da ya dawo bai ce wa matarsa ta yi daidai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Auta ta yi kusan wata kafin ta saki jiki da uwarta, domin ta san saura ƙiris fushin uwar ya cinye mata shekara. Babba ta kira ta ganawa, ta ɗauke ta. Ɗan mahauci ba wanda ya mayar masa da shekarunsa uku. Abin da ya samu shi ne ubansa ya ba shi haƙuri a tsakiyar kasuwa, da murya mai ƙarfi.

Shugaban makaranta an sauke shi zuwa malamin aji a wata makaranta. Malam Gyara an kore shi daga aiki ba tare da haƙƙin sallama ba, an soke sunansa daga rajistar malamai, an aika wa kowace makaranta takarda cewa kada a sake ba shi aji ko ofishi. Ɗansa bai samu gurbi ko'ina ba a shekarar, kuma da ya san dalili ya tattara kayansa ya koma gidan kawunsa. Malam Gyara bai sake koyarwa ba.